Mala Mai Majigi da Sufeto Tuntuɓe

A wani lungu da ke bayan Kantin Kwari, ta ɓangaren Fagge, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku a zaune. Kawunan kekunan ɗinki ne jere a kan kanta, wasu a buɗe, wasu an lulluɓe su da ƙyalle, ga gwangwanayen madara cike da kusoshi da ƙananan ƙarafa. Mai shagon shi ne Mala Bukar, dattijo siriri mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda telolin unguwar suke kira Baba Mala. In keke ya fara tsallake zare ko yana cin yadi, wurinsa ake kawo shi. Ba ya gaggawar kwance shi. Sai ya juya hannun keken a hankali, ya karkata kai yana saurare, sannan ya faɗi abin da ke damunsa, kuma da wuya a buɗe a tarar ba haka ba ne.

Da yawa daga cikin telolin ba su san cewa mutumin nan ya yi shekara ashirin da biyu yana haska fim a gidan silima ba. Ba abin da zai nuna maka haka a tare da shi. Mutum ne mai kamewa, maganarsa ƙasa-ƙasa, ko a wajen ɗaurin aure inda abokai ke shaƙiyanci iyakarsa murmushi. Amma duk wanda ya daɗe da shi ya san babu abin da ya yi wa dogon nazari a rayuwarsa kamar dariya, daga ina take tasowa, kuma me ke kashe ta.

Mahaifinsa daga Barno ya zo da sana'ar huluna, ya zauna a Fagge kusa da tashar jirgin ƙasa, a nan aka haifi Mala. Uban ya so ɗan ya gaje shi, amma hankalin Mala ba ya kan hula. Agogo, rediyo, fitilar keke, duk abin da ke da murfi sai ya buɗe ya ga cikinsa. Yana da shekara goma sha tara ya gyara wa wani mutum agogon hannu a bakin tasha. Mutumin shi ne Sylvester Anozie, Ibo ne da ya zo Kano bayan yaƙin basasa, yana kula da wayoyin wuta da janareto a wani gidan silima a Sabon Gari. Ya tsaya yana kallon yatsun Mala har aka gama, sannan ya tambaye shi da Hausarsa mai karyewa ko ya taɓa ganin injin majigi.

Washegari da hantsi Sylvester ya hau da shi wani ɗan ɗaki a saman gidan silimar, mai taga biyu ƙanana da ke fuskantar farin bango. Tsohon da ke haska fim idonsa ya yi rauni, ana neman wanda zai karɓe shi. Mala ya ga yadda ƙananan haƙora suke jan zaren fim daga faifai zuwa faifai, hoto bayan hoto, ya ƙi sauka har azahar. Mahaifinsa bai so ba, don a lokacin ba a kallon silima a matsayin wurin mutanen kirki. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin kada salla ta wuce shi, kuma kada ya shigo masa gida da halin 'yan bencin silima.

Fina-finan Indiya su ne masu cika gida, sai na faɗan 'yan Chana da na kaboyi. Amma lokaci-lokaci akan haɗo da wasu na barkwanci daga ƙasashen Turawa, waɗanda jaruminsu ɗan sandan ciki ne. Ba mutum ɗaya ba ne a duka, wani gajere ne mai tumbi, wani dogo mai sanƙo, amma 'yan kallon gidan ba su damu da bambancin ba, duk suna ɗaya suka raɗa musu, Sufeto Tuntuɓe. Halinsu ma ɗaya ne. Za a yi sata a wani babban gida, a kirawo shi, ya shigo da kwat da ɗan littafi a hannu, ya umarci kowa kada ya taɓa komai, kafin ya gama yi wa maigadi tambayoyi ya fasa rabin kayan falon. A ƙarshe kuma ya kama ɓarawon, ba don wayonsa ba, sai don ya faɗo masa a ka daga bene. Yawancin masu kallon ba sa jin Turanci, kuma ba wanda ya taɓa kukan haka. Ɗan dako da akawun banki kan benci ɗaya suke zama, lokaci ɗaya suke tuntsurewa.

A shekararsa ta huɗu a aikin abin da ya buɗe masa ido ya faru. Akwai wani fim da suka yi kwana biyar suna haskawa. A cikinsa mai dafa abinci ya zubar da mai a bakin ƙofar kicin, kowa ya gani. Sufeto ya taho, ya tsaya daidai taku ɗaya kafin man, ya juya ya fuskanci mutanen gidan, ya ɓalle maɓallin kwat, ya gaya musu babu abin da ke kuɓuce wa idonsa. Ya ɗaga ƙafa zai taka, sai ya tuna wata tambaya, ya mayar da ita. Ya sake ɗagawa, ya sake mayarwa, ya lashi bakin fensirinsa ya rubuta wani abu. A karo na uku ne ya taka, ya tafi da tukwane da kwandon ƙwai gaba ɗaya. Duk ranar da aka zo wurin nan, dariyar har kan titi ake jin ta.

A rana ta shida, yana mayar da fim ɗin kan faifai, haƙoran injin suka yayyaga gefensa, tsawon gaba biyu. Mala ya ɗaga zaren ya duba a hasken taga, ya ga daidai wurin da Sufeto yake tsaye yana surutu ne. Ya ce a ransa ai babu abin da ke faruwa a nan, mutum ne kawai a tsaye. Ya sa reza ya yanke, ya haɗa bakin biyu da gam, ya jefa yankin a kwando.

Da aka haska bayan isha'i, Sufeto ya taho, ya taka mai, ya faɗi. Mala yana leƙe ta ƙaramar taga yana jiran ƙarar da ya saba ji. Mutum biyu ko uku suka yi 'yar dariya, wani ya yi tari, shi ke nan.

Da safe ya tarar da Sylvester yana zuba wa janareto mai, ya gaya masa.

"Ka taɓa faɗuwar ne?" in ji Sylvester.

"Ban taɓa ta ba. Tukwanen suna nan, ƙwan yana nan. Tsayuwar kawai na cire."

"To mayar da tsayuwar mana."

Mala ya zaro yankin daga kwando, ya samo wani tsohon fim da aka daina amfani da shi, ya riƙa yanko gefensa yana liƙawa a wurin da ya yage, rami bayan rami. Tun hantsi yake yi har la'asar, Sylvester yana riƙe masa fitila in girgije ya tare rana. Da aka sake haskawa, dariyar ta dawo yadda take. A wannan karon Mala ba allo yake kallo ba, ƙeyar mutane yake kallo. Ya ga lokacin da Sufeto ya ɗaga ƙafa duk gidan ya karkato gaba, da ya mayar da ita aka ja numfashi, wani ma ya ɗora hannu a ka. Ya gane cewa tun kafin faɗuwar mutane sun cika da dariya, faɗuwar buɗe mata ƙofa kawai take yi. Daga ranar bai ƙara yanke wa fim ɗin barkwanci ko faɗin yatsa ba sai ya tsaya ya ƙirga.

A shekarar ne ya auri Gumsu, 'yar maƙwabtansu, ita ma iyayenta mutanen Barno ne. Gumsu ba ta taɓa taka gidan silima ba, ba ta kuma nemi zuwa ba. Amma kullum da safe in sun karya, sai ta ce, "Malam, jiya me Sufetonka ya fasa?" Sai Mala ya miƙe a tsakar ɗaki, ya ɗauki ludayi a matsayin fensir, ya ɗaure fuska, ya yi mata wasan daga farko har ƙarshe, har faɗuwar a kan katifa. Surukarta takan jiyo dariyar Gumsu daga ɗakinta, ta kasa gane me ɗanta mai shiru-shiru yake faɗa haka.

Da bidiyo ya shigo gidaje, bencin silima ya fara zama fayau. Mai gidan ya jure na wasu shekaru, sannan ya sayar, aka mayar da wurin sito na dilolin yadi. Ranar da masu gwangwan za su ɗauke injin, Mala ya riga su zuwa, ya goge shi, ya sa masa mai a duk gaɓoɓinsa, ko da ya san farfasa shi za a yi. Sylvester ya buɗe shagon kayan wuta a Sabon Gari. Shi kuma Mala wani tela ya kawo masa keke ya duba, ya ga shi ma haƙora ne ke jan yadi kaɗan-kaɗan, allura tana sauka a kan lokaci. Cikin wata uku ya zama mai gyaran keke. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'yansa biyar. Zumuncinsa da Sylvester bai yanke ba, ranar Sallah akwai kwanon Sylvester, ranar Kirsimeti akwai na Mala.

Shekara biyu da suka wuce, jikarsa Jawahir, 'yar babban ɗansa, ta zo shagon da waya a hannu. Ta karanta kwamfuta, tana sana'ar tace bidiyon biki tare da ƙawarta Munachi, jikar Sylvester, wadda ita ke riƙe kyamara. Su biyun sun haɗa kai da wani mai sayar da yadi a Kwari, Hambali, ƙato mai son wasa, suna yin gajerun bidiyon barkwanci suna sakawa a intanet. Hambali a matsayin ɗan sandan ciki yake fitowa. Sun yi guda takwas, ba wanda ya kula su sai 'yan uwa.

"Kaka, kalli wannan ka gaya mini gaskiya," in ji ta.

"Amaryata, gaskiyar tawa ba daɗi gare ta ba."

"Na sani, shi ya sa na zo."

Ya sa tabarau ya kalla. Hambali ya shigo yana zare ido, yana murguɗa baki, cikin daƙiƙa biyar ya faɗi sau biyu, kowace faɗuwa da ƙarar usur da dariyar inji a bayanta. Mala ya miƙa mata wayar.

"Mutumin nan ya san yana ban dariya," ya ce. "Tunda ya riga ni sani, ni me zan yi?"

Jawahir ta ɓata rai. Ta ce zamani ya canza, yanzu in ba ka ba mutum dariya nan take ba, da yatsa ɗaya zai ture ka ya wuce. Ta ce fina-finan da yake ba su labari tun suna yara, in aka kunna su yau barci za a yi. Mala bai yi musu ba, don shi kansa rabon da ya ga ɗaya ya fi shekara ashirin da biyar, kuma maganar ta tsaya masa a rai. Ya ce ta nemo fim ɗin mai kicin su gwada.

Mala bai san sunan fim ɗin na Turanci ba. Shi ya bayyana abin da ke ciki, Sylvester ya tuna kalma ɗaya da ke jikin fosta, Munachi ta yi mako guda tana lalube kafin ta same shi. Aka sa ranar Lahadi da la'asar a gidan Sylvester, bayan sun dawo daga coci. Mala ya zo a adaidaita sahu tare da Gumsu, wadda ta ce ita ma yau sai ta ga mutumin nan da idonta. Hambali ya zo da lemo. Munachi ta jona kwamfuta da talabijin, aka saki labule.

Minti goma sha biyar na farko sun yi wa Mala tsawo. Sunaye suka daɗe suna wucewa, mota ta daɗe tana tafiya, wasu mutane suka daɗe suna magana a ofis. Jawahir ta zaro waya. Hambali ya yi hamma ya ce, "Baba, har yanzu ba a fara ba ne?" Mala ya ji kunya ta kama shi kamar shi ya shirya fim ɗin. Ya fara tunanin ko abin ya mutu tuntuni, shi kaɗai ne yake ɗauke da shi a ka.

Sai Sufeto ya shigo gidan da aka yi satar, ya miƙa wa mai hidima lemarsa, ba tare da ya lura ƙugiyarta ta kamo labule ba. Munachi ta yi dariya ta hanci. Da aka zo kicin, Sufeto ya ɗaga ƙafa ya mayar, Hambali ya dafe gwiwa ya ce, "Zai taka, wallahi zai taka." Ya sake ɗagawa ya mayar, Jawahir ta kifa wayarta a cinya. Da ya tafi da tukwanen, Hambali ya zamo daga kujera, Munachi ta fita baranda tana riƙe da ciki, Sylvester yana share hawaye da gefen riga. Gumsu ta yi dariya daidai gwargwado, sannan ta juyo ta ce wa mijinta a hankali, "Malam, ka fi shi iya faɗuwa."

Amma ba duka ne ya ci ba. Can gaba aka kawo wani baƙon ɗan kasuwa daga wata ƙasa a matsayin shaida, an shafa masa fenti a fuska, yana Turanci a karye, Sufeto yana kwaikwayonsa yana masa tsawa. Falon ya yi tsit. Munachi ta dubi kakanta.

"Papa, wannan ma dariya ake yi a da?"

"Nan ma aka fi yi," in ji Sylvester. Sannan ya ƙara da cewa, "In an tashi, samari sukan biyo ni har wajen janareto suna kwaikwayon Hausata da irin muryar nan."

Mala ya juyo ya dube shi. "Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Kai kana sama. Kuma ya wuce."

Mala ya tuna cewa shi ma ya sha yin dariya a wurin nan daga bayan taga, har ya taɓa yi wa Gumsu kwaikwayon baƙon. Ya ce, "Ni ma na yi, Sylvester. Ka yafe mini." Sylvester ya kaɗa hannu ya ce a ci gaba da fim.

Da aka gama, Jawahir ta tambayi kakanta me ya sa wani wurin ya ci, wani bai ci ba, alhali fim ɗaya ne. Mala ya ce duk inda girman kan Sufeto ne ya kayar da shi, har yanzu da ransa, domin kowa ya san mutum irin wannan, a ofis ko a kasuwa ko a gidansu, wani lokacin ma shi ne. Inda kuwa Sufeto ya tsaya da ƙafarsa yana yi wa wanda bai kai shi ƙarfi ba dariya, wannan ya ruɓe, kuma da ma can ba mai kyau ba ne, su ne ba su lura ba.

Hambali ne ya roƙe shi ya zo ranar da za su ɗauki na tara. Aka yi da sassafe a shagon Hambali, kafin kasuwa ta cika. Labarin gajere ne: an nemi bandir ɗin shadda an rasa, ɗan sandan ciki ya zo bincike, shaddar kuwa tana ƙasa a bayansa, a nannaɗe a jikin kwalinta, in ya ja da baya zai taka ta ta mirgina da shi ya faɗa kan dila.

Sau huɗu ana ɗauka Mala yana tsayarwa.

"Hambali, daina zare ido. Kai a ganinka duk Kano babu mai basirarka. An yi sata, kuma kai kaɗai za ka iya gano ta. Haka za ka riƙe a ranka."

"Baba, in ban yi da fuska ba, ta ina za a san wasa ne?"

"Sun ga shaddar a bayanka. Kai ne kaɗai ba ka gan ta ba. Wannan ya ishe su."

Da Mala ya ga bayanin bai shiga ba, sai ya ajiye sandarsa ya ce bari ya nuna. Ya tsaya a gaban kantar, ya gyara hula, ya ɗaure fuska, ya nuna maƙwabcin Hambali da yatsa ya tambaye shi ina yake jiya da azahar. Ya ɗaga ƙafa zai ja da baya, ya mayar, ya ƙara wata tambaya. Ya sake ɗagawa, ya mayar, ya ɗauki wani ƙyalle ya shinshina shi da muhimmanci. 'Yan dako uku da ke wucewa suka tsaya. Niyyarsa a karo na uku ya sauke ƙafar a gefen shaddar ya ce to a nan ne za ka faɗi. Sai dai akwai wani bandir na biyu a gefen, wanda ba wanda ya lura da shi. Ya taka, ya mirgina, dattijon ya tafi da baya ya faɗa kan dila, hularsa ta yi gefe, turamen atamfa suka riƙa zamowa daga kanta suna sauka a kansa ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya motsa. Jawahir ta toshe baki. Mala ya ture atamfar daga fuskarsa, ya tashi zaune, ya lalubo hular ya kaɗe ta ya sa, ya dubi Hambali ya ce, "Ka dai ga inda na tsaya kafin nan?"

Sai da suka tabbatar yana iya miƙewa sannan dariyar ta ƙwace musu, har ɗaya daga cikin 'yan dakon ya zauna a ƙasa. Kyamarar Munachi a kunne take. Jawahir ta roƙe shi ya bari su saka, ta ce wannan kaɗai zai zagaye garin. Ya ce a'a, shi mai gyaran keke ne, kuma yana da surukai. Ta goge a gabansa. Hambali kuwa a ɗauka ta gaba ya yi yadda ake so, fuska a ɗaure, ƙafa a sama.

Ƙugun Mala ya yi mako biyu yana ciwo. Gumsu tana gasa masa da ruwan zafi tana faɗa, ta ce a kan katifa aka san shi da wannan aiki, ba a kasuwa ba, kuma shekarun ba na da ba ne. A kwancen nan Jawahir ta kawo kwamfuta suka tace bidiyon tare, suka yi ta ja-in-ja. Shi yana so a bar tsayuwar duka, ita ta ce mai kallo a waya ba ya zaune a benci, ba abin da ya riƙe shi. A ƙarshe ta rage kaɗan daga tsayuwa ta farko, ta bar ta biyu yadda take, ta cire usur da dariyar inji, sannan ta yi wani abin da bai zo masa a rai ba: ta fara bidiyon da hoton shaddar a ƙasa da diddigin Hambali kusa da ita, tun kafin a ga fuskar kowa. Mala ya kalla sau biyu, ya ce ta fi shi sanin mutanenta.

Bidiyon bai zagaye duniya ba, amma ya zagaye Kwari da Sabon Gari. Masu shaguna suka riƙa tura wa juna, in Hambali ya zo wucewa sai wani ya ɗaga ƙafa ya mayar, a yi dariya. Sun yi wasu goma sha ɗaya bayan nan, wasu sun ci, wasu ba su ci ba, kuma Mala ba ya ɓoye musu in bai ci ba. Bai yarda a sa sunansa a ko ɗaya ba.

Yanzu duk Asabar da hantsi Hambali yakan zo shagon gyaran keke, ya zauna a kan benci ya kusan cike ƙofar, ya kawo sabuwar dabara. A makon jiya ta baro ce: ɗan sandan ciki zai ɓuya a cikin baron mai lemo don ya yi gadin wani shago, mai baron kuma ya dawo ya tura shi ya gangara da shi kasuwa. Mala yana ɗaure kusa a jikin wani keke yana saurare.

"Mai baron ya san yana ciki?" ya tambaya.

"Bai sani ba, Baba."

"Ƙato kamarka? Zai ji nauyi. Dole ya tsaya ya yi mamaki, ya duba tayar, ya duba sama, ya duba ko'ina ban da cikin baron." Ya ajiye sukundireba ya goge hannu. "Gangaren wane layi ne?"

Hambali ya faɗa masa. Mala ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya ce in telan nan mai keken shuɗi ya zo a ce masa ya dawo bayan azahar, ya ɗauki sandarsa, suka tafi duba gangaren.